Yayana Da Ƙoƙon Kwarfa

Yayana ya rasu ranar Laraba da hantsi, kuma kafin la'asar na ga ƙafafun da ban taɓa gani a ƙofar gidansa ba tsawon shekarun da ya yi yana lodi a cikin taɓo. Na Allah ne mu, gare shi za mu koma, shi ya riga, mu muna bisa hanya. Wannan ba abin musu ba ne. Abin da nake musu a kai shi ne maganganun da aka yi a kansa bayan ba shi da bakin amsawa. Shi ya sa na zaunar da ɗiyata mai koyarwa a firamare, na ce ta ɗauko biro. Ni ban shiga aji ba, ban kuma ji na rasa komai ba. Ita ta san rubutu, ni na san abin da ya faru. Na ce mata in ta gyara mini kalma ɗaya ban yafe ba.

Matarsa ta daure har aka ɗaga makara, sannan ta riƙe ƙyauren ɗaki kamar za ta cire shi. 'Ya'yansa mata uku, don bai bar namiji ba, suka yi kukansu har muryoyinsu suka dushe. Tsoffin masunta, abokan tasowarsa, suka zauna a gindin tsamiya. Ɗaya daga cikinsu ya taho da komarsa a kafaɗa bai ma san ya taho da ita ba, ya wuni yana ɗinke ta yana share hanci. Mata masu bandar kifi suka zo har jirgi biyu. Kambarin tudu suka sauko da buhun dawa, masu zuwa coci da waɗanda ba su zuwa ko'ina, suka tsaya nesa har aka idar da sallar gawa, sannan suka matso suka durƙusa. Waɗannan su ne na lissafa a masu makoki.

Ni ban yi kuka ba. Na ji wasu mata suna raɗa a bayan rumbu, wai zuciyar tsohuwar nan dutse ce. Na ƙyale su. Ina da aiki a gabana, kuka kuwa yana kashe jiki.

Aikin ya iso a mota, sanye da farar shadda, yana ƙamshin turare. Ɗan ƙanenmu ne, wanda uwa ɗaya uba ɗaya muke da mahaifinsa, shi ne kuma ciyaman na ƙungiyar masu jirgi a tashar garinmu. Ya zo da 'yan ƙungiyarsa da kujerun roba na haya, sai ka ce biki. Da aka shafa fatiha a waje sai ya shigo cikin gida gaida mata, ya tsuguna a gabana yadda gwiwarsa ba za ta taɓa ƙasa ba.

Ya ce, "Gwaggo, ya haƙuri? Wannan rashi ba naku ne ku kaɗai ba. Kamar yadda Bature yake cewa," sai ya lanƙwasa harshe ya faɗi abin da Turanci, sannan ya fassara mana mu jahilai, "dukanmu a jirgi ɗaya muke."

Na dubi matar yayana, ta sunkuyar da kai. Ta san abin da na sani.

Bai tsaya nan ba. Ya ce ƙungiya ta yanke shawarar karɓar jirgin Baffa, a yi masa sabon fenti, a rubuta sunan marigayi a jikinsa da manyan baƙaƙe, a sa shi cikin layin tasha don a riƙa tunawa da shi. Ya ce tun da Baffa bai bar ɗa namiji ba, ai shi ne namijin gidan, ba kuwa zai bar jirgin ya ruɓe a taɓo ba.

Na ce, "A bari a yi bakwai."

To, kafin in kai ku ranar bakwai, sai kun san wane ne mai jirgin, kun kuma san maganar nan ta Bature, don kar wani ya ce tsohuwa ce ba ta gane ba. Na gane sarai. In Bature ya ce shi da kai a jirgi ɗaya kuke, yana nufin wahalar da ta same ka shi ma ta same shi, babu wanda ya fi wani a cikinta. Maganar ba ta da laifi in mai faɗinta yana cikin wahalar. Shekarar da iska ta yaye kwanon makarantar su ɗiyata suka koma koyarwa a gindin mangwaro, na ji suna faɗa wa junansu ita suna dariya, ban ji haushi ba, don rana ɗaya ke dukan kawunansu. Amma a nan wajenmu ba haka aka fi jinta ba. Na ji ta a bakin wani da ya zo duba shinkafar da ambaliya ta cinye wajen Shanga, bai ko sauko daga mota ba, gilashi kawai ya zuge. Na ji ta a rediyo daga bakin masu neman ƙuri'a. Na ji ta a asibiti daga wanda ke zaune ƙarƙashin fanka, mu muna tsaye a rana da marasa lafiya. A duk tsawon rayuwata ban taɓa jin mai jiƙaƙƙen wando ya faɗa wa mai busasshe ita ba. Kullum daga busasshen take fitowa, kuma abin da take nufi a bakinsu shi ne ka rufe naka bakin.

Yayana yana da amsa guda ga duk wanda ya faɗe ta a gabansa. Ba ya ɗaga murya. Sai ya karkata kai ya ce, "To, madalla. Wa ke kwarfa?"

Wanda bai san ruwa ba ba zai gane tambayar ba, bari in buɗe masa. Jirgin katako, komai sabuntarsa, yana shan ruwa. Ta ƙasa yana tsattsafowa, ta sama igiya na watso shi. Sai an riƙa kwarfe shi ana zubarwa, in ba haka ba jirgi ya yi nauyi. Yayana yana da ƙoƙo na duma, baƙi ƙirin don tsufa, bakinsa ɗaya ya cinye saboda gugar katako. Dokar jirginsa ita ce ƙoƙon nan ya tashi daga goshin jirgi ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, kowa ya sunkuya ya yi nasa ya miƙa wa na baya. Mai ciki ake tsallakewa, da marar lafiya, da tsohon da bayansa ba ya lanƙwasuwa. Bayan su babu wani. Na ga liman ya yi, na ga ɗan sanda ya yi da kakinsa, na ga amarya ta yi da lallenta, tana kuka tana kwarfa.

Dokarsa ta biyu tsaga ce. Ya sa wuƙa ya tsaga jikin jirgin ta waje, kamar tafin hannu ɗaya ƙasa da baki. In ana lodi sai ya riƙa leƙa ta. Da ruwa ya taɓa tsagar nan an gama, ko kaza ba ta ƙara shiga. Yakan ce ko Innarmu ce ta taso daga kabari sai ta jira sahu na biyu. Mutane suna ɗauka wasa ne har ranar da ya yi mini. Ranar kasuwar Yawuri ce, na makara wajen kwashe kifi daga banda, na iso da kwando a kai ina haki, jirgi ya cika.

Na ce, "Yaya, matsa mini in raɓa."

Ya leƙa tsagarsa ya ce, "Uwar faɗa, ruwa ya iso."

"Ni ɗin? Nawa nake? Ko ɗan akuya ya fi ni nauyi."

"Ke ba ki da nauyi, bakinki ne ke da shi."

Jirgi ya kwashe da dariya, ya sa gora ya tura, ya bar ni a gaɓa ina zaginsa da sunayen da Inna ta hana mu tun muna yara. Na yi wata guda ban gaishe shi ba. Shi kuwa kullum in ya dawo sai ya ajiye mini ƙullin goro a bakin zaure ya wuce, bai ce ya yi laifi ba, bai kuma ce bai yi ba.

Baƙo in ya shiga jirginsa yakan ɗauka mahaukaci ne. Ana cikin tafiya a sararin ruwa, babu komai gaba babu komai baya, sai ka ga ya karkata ya yi kwana kamar mai kauce wa rami. Ba hauka ba ne. Muna yara ruwan dam ya ci tsohon garinmu, aka kwashe mu aka kawo tudu, amma itatuwan suna nan tsaye a ƙasa, kututturansu suna jiran cikin jirgi. Shi ya riƙe garin duka a kansa. Sai ya ce, "Nan rimin ƙofar liman ne," ya kauce. "Nan kukar kasuwa ce," ya kauce. Akwai wuri ɗaya da yake rage inji, ya yi sallama a hankali, ya ɗaga hannu ya yi addu'a. Nan makabarta take, nan mahaifinmu yake. Yaran yanzu masu manyan injuna bi suke ta kan iyayenmu da gudu, suna jin waƙa a waya.

Kun ji na ce Kambari sun sauko. Ga dalili. Wata shekara wani manominsu ya mutu a asibiti a Yawuri, 'yan uwansa suka fito da gawar bakin ruwa a naɗe cikin tabarma. Ranar kasuwa ce, kowane mai jirgi ya kau da kai, don in ka ɗauki gawa fasinja gudu suke. Yayana ya riga ya yi rabin lodi. Ya ce wa mutanensa wanda zai iya zama da gawa ya zauna, wanda ba zai iya ba ga jirage nan. Rabi suka sauka. Ya ɗauki mamacin, kuma ran nan ƙoƙo bai zaga ba. Ya ce masu makoki ba su kwarfa. Ya riƙa sakin sitiyarin inji yana sunkuyawa da kansa har tsallake. Bai taɓa ba da labarin ba. A bakinsu na ji.

Yanzu ga kuskurensa, don ban zo nan in yi masa ƙarya ba. Da ƙanenmu ya rasu ya bar ɗa ƙarami, yayana ya ɗauke shi ya riƙe. Ba shi da namiji, sai ya zuba duk son a kan wannan. Shi ya sa shi boko. Duk komawar hutu shi ke ƙetarar da shi da akwatinsa. Kuma don kar farar rigar makaranta ta ɓaci, sai ya ɗora shi bisa buhun shinkafa, ya ce a tsallake shi in ƙoƙo ya zo. Mutumin da ya sa liman kwarfa. Na yi magana tun a lokacin, na ce, "Yaya, yaron nan ba ciki gare shi ba, ba kuma ciwo." Ya ce in bar shi, ɗan makaranta ne, hannunsa na biro ne. Shekara da shekaru yaron nan yana bisa buhu, ƙafafunsa a naɗe, yana kallon ƙoƙo na wuce shi. Da me kuke so ya girma?

Ya girma, ya je birni, ya dawo da Turanci da babban jirgi mai inji biyu. Ya tara masu jirgi ya ce a yi ƙungiya, a yi layi, jirgi ba ya tashi sai 'yan lodin ƙungiya sun ce ya cika. Cikarsu kuwa ba irin ta yayana ba ce. Cikarsu sai ka ga mutum na iya wanke hannu a tafki yana zaune a tsakiyar jirgi. Yayana ya shiga ƙungiya don ɗansa ne shugaba, amma duk ranar da layi ya zo kansa sai an yi cacar baki, su ce saura, shi ya ce ruwa ya iso. A kowane taro ciyaman sai ya jefa musu Turancin nan, ya ce mai ya yi tsada, kifi ya ragu, kowa na ji a jikinsa, a haɗa kai. Yayana daga bayan taro sai ya ce, "Wa ke kwarfa?" a yi dariya a wuce.

Ranar da abin ya fashe ina cikin jirgin, ba labari aka ba ni ba. Jirgin ciyaman ya ƙi tashi, ga shi da baƙi biyu daga birni, suna sauri za su wani taro a Yawuri. Dole suka shigo namu. Muna kaiwa tsakiya iska ta taso, igiya ta fara watso ruwa. Mata suka ga dama ta samu, suka soma yi masa ƙorafi, sabon layin nan yana sa su zaman rana har ɗanyen kifi ya soma wari kafin a tashi. Ya juya wajen baƙinsa ya faɗi maganar da Turanci, suka yi murmushi, sannan ya waiwayo ya ce mana, "Iyayena, ku yi haƙuri. Ni ma abin yana damuna. Dukanmu a jirgi ɗaya muke."

Yana rufe baki ƙoƙo ya iso gare shi.

Yana zaune bisa buhun shinkafa, ya naɗe ƙafafu, takalmansa a cinya. Ya karɓi ƙoƙon da yatsa biyu, bai ko dubi inda yake miƙa shi ba, ya tura shi baya. Wadda ke bayansa wata Bakambara ce da tsohon ciki, haihuwa yau ko gobe. Kunya ta hana ta ƙi. Ta karɓa, ta soma neman yadda za ta sunkuya, cikin ya tokare ta.

Yayana ya kashe inji.

Wanda bai taɓa jin inji ya mutu a tsakiyar tafki ana iska ba bai san shiru ba. Sai ƙarar igiya tana dukan katako.

Ciyaman ya ce, "Baffa, lafiya?"

Yayana ya ce, "Lafiya lau. Ɗiyata, mayar masa da ƙoƙon."

"Haba Baffa, ina da baƙi. Dubi kayan da ke jikina."

"Na gani. Sun yi kyau."

"To mu tafi mana, za mu makara."

"Kai ka ce a jirgi ɗaya muke, ni kuma na yarda. Wanga jirgi ba shi tashi sai ka kwarfa."

Ruwa ya kai mana idon sawu. Ɗaya daga cikin baƙin ya fara salati da ƙarfi, ɗayan ya ce wa ciyaman da Hausa tsantsa, Turancin duk ya gudu, "Don girman Allah ka karɓa ka yi." Ya sauko daga buhun. Farar shaddar ta sha ruwan kifi har gwiwa. Bai ma iya riƙon ƙoƙon ba, rabin abin da ya ɗebo a jikinsa yake zubewa. Wata mai banda ta ce, "Ranka ya daɗe, ga wani can ƙarƙashin buhu ya ɓuya." Wata ta ce, "A hankali ciyaman, kar ka kwarfe tafkin duka, da shi muke ci." Ni kam kallo ya ishe ni. Da ya yi gwargwadon na kowa, yayana ya ja igiyar inji muka tafi.

Kwana bakwai ba a yi ba takarda ta zo da hatimi. An kori yayana daga tasha, wai don ya jefa rayukan fasinja cikin haɗari da kashe inji a tsakiyar ruwa. Ku ji fa. Mutanen da ke loda jirgi har ruwa na leƙo ciki, su ne suka rubuta wa mai tsaga takardar haɗari. 'Yan ƙungiyar nan duka suka sa hannu, har waɗanda shi ya koya wa riƙon gora. Mu ma ai muna da tamu maganar jirgin, ba sai mun ara ba. In muka ce jirgi ɗaya ya kwaso mutane, ba yabonsu muke ba. To, su kam jirgi ɗaya ya kwaso su.

Ya koma lodi a ƙasan gari, wani lungu mai kainuwa, inda sai ka tattare zane ka shiga taɓo har gwiwa kafin ka kai jirgi. 'Yan tasha suna masa dariya, suna kiransa tsohon taɓo. Maza da yawa suka bar shi, don namiji ba ya son a gan shi da laka a kasuwa. Mata ne suka bi shi, da Kambari. Shekara bakwai yana nan, har ƙafafunsa suka fara kumbura.

Abin da ya fi ba ni haushi, bai taɓa zagin yaron nan ba. Ni na zage shi safe da yamma. Wata rana na ce, "Yaya, kai ba ka da zuciya ne? Ɗan da ka goya ya jefa ka a taɓo, ko tsinuwa ɗaya?" Yana gyaran gora, bai ɗago ba, ya ce, "Uwar faɗa, ni na ɗora shi bisa buhu."

Da damina ciwon ya kwantar da shi. Jirgin katako in an bar ruwan sama a cikinsa ruɓewa yake, shi ya sa duk lokacin da aka ɗauke ruwa sai ya buɗe ido ya ce, "An kwarfe?" Ni da mijin babbar 'yarsa, wani masunci marar yawan magana, mu ke sauka taɓon nan da ƙoƙo. Shi ya yi mai yawan, ni in yi abin da bayana ya yarda. Ciyaman ya aiko da katan ɗin lemo sau ɗaya, da direba. Tsakanin tasha da gidan yayana ko sigari mutum ya kunna ba zai ƙare ba.

Bayan rasuwar ba wanda ya sauka wajen jirgin. An yi ruwa sau uku a kwana bakwai ɗin nan. Surukin ya so ya je, na hana shi.

Ranar bakwai, bayan an yi addu'a an raba waina, liman ya yi bayanin gado. Ya ce matar tana da rabonta, 'ya'ya mata suna da nasu, abin da ya saura na 'yar uwarsa ce shaƙiƙiya, wato ni, ɗan ɗan'uwa kuwa ba shi da komai matuƙar ina numfashi. Na ga fuskar ciyaman ta canza, amma bai damu sosai ba, don ya san abin da ya taka. Biyu daga cikin 'ya'yan, mazajensu a tasharsa suke lodi. Matar yayana tana tsoron tashin hankali. Tun daren jiya 'ya'yan suke lallashina, "Gwaggo, a ba shi kawai, ai sunan Baba za a rubuta." Suna? In aka yi fentin nan tsagar ce za ta fara tafiya. Ran da jirgin ya kife da mutane a kan kukar kasuwa, sunan wa za a gani a jikinsa yana yawo bisa ruwa?

Na miƙe na ce, "Ɗana, ba a karɓar abu ba a gan shi ba. Taho mu je."

Muka sauka, jama'a suka biyo mu, masunta da masu banda da Kambari da 'yan ƙungiya. Jirgin na can cikin kainuwa, ruwa ya cika shi har bencin zama. Ciyaman ya tsaya daidai inda busasshiyar ƙasa ta ƙare. Na fito da ƙoƙon daga cikin zanena na sa masa a hannu.

Na ce, "Wanda zai ɗauki jirgin yayana, shi kwarfe shi. In ka kwarfe, rabona na ba ka, zan kuma roƙi yaran nan su ba ka nasu. Ga liman nan shaida."

Da gaske nake. Da ya tuɓe takalmi ya shiga, da na cika alkawari, ko da zan mutu da baƙin ciki.

Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo ke nan. Ai yanzu an ci gaba, gobe sai in turo yara da injin ban-ruwa, minti biyar an gama." Yana magana yana kallona, hannunsa kuwa ya riga ya tafi gefe da ƙoƙon, yana miƙa shi ga duk wanda ke kusa, bai ko waiwaya ba. Wallahi bai san ya yi ba. Jikinsa ne ya saba.

Wadda ke kusa ita ce Bakambarar nan, ta sauko gaisuwa da ɗiyar da ta haifa bayan waccan tafiya. Na ga hannunta ya fara ɗagawa. Na buge shi na ce, "Sau ɗaya ya isa."

Babu wanda ya karɓa. Ko 'yan ƙungiyarsa, kowa ya sami abin kallo a sama ko a ƙasa. Ya tsaya da hannu a miƙe, ƙoƙo a iska, shadda na kaɗawa. Sannan ya waiwaya ya ga abin da yake yi. Ya dubi taɓo, ya dubi takalmansa. Na ba shi lokaci, Allah ya gani. Ya sunkuya ya ajiye ƙoƙon a ƙasa, ya ce yana da taro.

Babbar 'yar yayana, wadda jiya take roƙona a ba shi, ta ɗaure zane a ƙugu ta ɗauki ƙoƙon ta shiga taɓo. Ƙannenta suka bi ta. Daga cikin jirgin ta ɗago ta ce, "Gwaggo, jirgin Baba ba ya zuwa tasha." Ƙoƙo ya zaga tsakanin mata har katakon ƙasa ya bayyana. Na sa surukin ya kawo wuƙa, na tsaya a kansa ya ƙara wa tsagar zurfi. Shi ke tuƙa jirgin yanzu, daga lungun kainuwa. Ba a rubuta sunan kowa a jiki ba. Waɗanda ke shigarsa sun san na wane ne.

Kasuwar da ta wuce na ce bari in ƙetara, tun rasuwar ban je Yawuri ba. Ƙafa ta tsufa, na makara. Na iso da ɗan kwandona jirgi ya cika. Mata suka fara matsawa suna cewa, "Inna, taho ga wuri." Surukin ya leƙa gefen jirgi, ya daɗe yana leƙe. Ya ɗago, zufa na keto masa, ya kasa haɗa ido da ni.

Ya ce, "Gwaggo, ki gafarce ni. Ruwa ya iso."

Ya sa gora ya tura.

Na ajiye kwandon, na zauna a bakin taɓon nan ina kallon jirgin har ya kai inda ake yin kwana don rimin ƙofar liman, na ga ya karkata. A nan kukan ya zo mini, wanda matan bayan rumbu suka ce ba ni da shi. Na yi shi har ya dawo ɗaukar sahu na biyu.

Allah ka jiƙan yayana, ka yafe masa buhun nan, ka sauke shi a gaɓar da babu taɓo. Mu kuma in namu sahun ya zo, ka sa a same mu da wuri.